Kada A Yi Saurin Buɗe Injin Tsohuwar Fijo

Jama'a, ga lokacin tafiya gida ya matso. Daga Agege, daga Sabo na Ibadan, daga Fatakwal, 'yan'uwanmu na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi sun fara ɗaure kaya, waɗansu don Kirsimeti, waɗansu don bikin Afan na ran 1 ga Janairu. Har yanzu akwai masu kama wannan doguwar hanya da tsohuwar Peugeot 504, watau Fijon nan da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna har zuwa 2006. Da su nake magana yau.

Bara, tsakanin Akwanga da Gwantu, allurar zafi ta motata ta haura. Bakaniken bakin hanya ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce, "Maigida, gasket ya ƙone, sai mun sauke kan inji." Na ce a'a, a bari ta huce tukuna. Ashe murfin lagireto ne robarsa ta mutu. Murfin nan da ake renawa shi ke riƙe iska a ciki, domin ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da na yarda, da na kwana uku a hanya, guzurin iyali kuwa ya tafi a banza.

Ba cewa na yi kanikawanmu ba su san aiki ba. Su ne suka raya motocin nan har yau. Amma kalmar "gasket" ta yi musu sauƙin faɗi, alhali kuwa abubuwan da ke sa mota zafi suna da yawa, galibinsu ma masu araha ne: fanbel ya saki, tiyo ya tsage, famfon ruwa na yoyo, ko ƙurar hunturu da tsatsa sun toshe lagireto. A fara duba waɗannan.

Gasket in ya ƙone ba ya ɓuya. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka ta da mota. In kumfa na ta ɓullowa ba tsayawa, to, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Zaro gejin baƙin mai, in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Kwance filogi huɗun nan, wanda ka gani fes kamar an wanke shi, silindarsa na shan ruwa. Sa'an nan ruwa ya riƙa raguwa kullum ba ɗigo a ƙasa. Farin hayaƙin salansa kuwa a yi hattara da shi, gama da sanyin safiyar Disamba a Kafanchan kowace mota tana yinsa. Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama shi ne abin tsoro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne al'adar cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Wannan ɓoye cuta ne. Lagireton da ya toshe yana nan a toshe, sai ran da aka cika mota da buhunan citta aka nufi Hawan Kibo asiri zai tonu.

In kuwa ta tafasa, tsaya, kashe ta, ka ba ta kamar rabin awa. Kada ka taɓa murfi, tururi na saɓule fatar hannu. Kada kuma ka kwara mata ruwan sanyi. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa alminiyam, shi ya sa yake saurin lanƙwashewa ko tsagewa. Gasket da yawa a nan suke ƙonewa, a hannun mai gaggawa.

To, in ta tabbata ya ƙone, tsaya a kan aikinka. A kai kan injin a auna shi, in ya lanƙwashe a goge shi a injin. Hannayen silinda na Fijo zarowa suke yi, ruwa na kewaye da su, saboda haka kada yaron gareji ya juya inji bayan an sauke kai sai an danne su, in ba haka ba su motsa, ruwa ya gangara cikin mai. A ɗaure kusoshi bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. Bakaniken da ba shi da ita, ya je ya aro.