Sikila ɗaya, wahala daban-daban

Ƙanwata tana da yara biyu masu sikila. Lokacin da muke zaune a Dar Salam ta Omdurman, kafin yaƙin Afrilun 2023 ya tarwatsa mu, da zarar zafin Mayu ya haura digiri 40 sai hankalin gidan ya tashi. Babban yakan sha ruwa ya kwanta, gobe ya miƙe. Ƙaramin kuwa sai asibiti da ƙarin jini. Wata rana ta tambaye ni: "Yaya, ba ciwo ɗaya ba ne?" Na rasa amsa.

A bayan nan na samu wani ɓangare nata. A 2024 an ba Victor Ambros da Gary Ruvkun, 'yan Amurka, kyautar Nobel saboda gano maikuro-RNA, abin da suka fara gani a 1993 cikin wata tsutsa mai tsawon milimita 1.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai babban kundi, wato DNA, kuma ba a fita da shi daga shago. Idan ana son a ƙera wani furotin, sai a kwafi umarnin a 'yar takarda a aika da ita. Maikuro-RNA ɗan guntu ne, harafi wajen 22 kacal, da ke tare takardar a hanya, ya riƙe ta ko ya sa a yaga ta. Mutum yana da irinsa sama da 1,000. Idan ƙwaya ta shiga matsi, kamar ƙarancin iskar oksijin, yawan wasunsu yakan canza, a tsaida wannan oda a bar waccan ta wuce.

To, wani lokaci oda mai amfani ake tarewa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Duke sun gano cewa masu sikilar da jininsu ya fi ƙarewa suna da miR-144 da yawa a jajayen ƙwayoyin jini. Shi kuma yana danne NRF2, furotin da ke tayar da garkuwar ƙwaya daga gubar da ke cinye ta. Sai ƙwayar ta fashe da wuri.

Ba shi kaɗai ke kawo bambancin ba, kuma ba a kai ga yin maganin sikila da shi ba tukuna. Duk wanda ya tallata muku irin haka a WhatsApp, ku riƙe kuɗinku. Ni dai na kira ƙanwata na ce ta daina zargin kanta kan ƙaramin, ta ci gaba da ɗura masa ruwa, ta hana shi bin 'yan uwansa kasuwa da tsakar rana.