Na Kama Ɓarawo A Gidana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in ba 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da sauran masu karanta jaridarka, labarin wani ɓarawo da na kama cikin gidana. Shekara da shekaru yana yi mini sata, ni kuwa ni na sayo shi da kuɗina, na rataye shi bisa kaina. Ɓarawon nan shi ne ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki.

Ga yadda aka yi. Tun da aka sa mini mita irin wadda akan biya kuɗin wuta kafin a sha, sai na ga abin da na zuba ran albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Da fari na zargi mita, daga baya na koma kan iyali. Ran nan da dare wuta ta ƙare mana, unguwa duk haske, gidana kaɗai ke duhu, ga babbar 'yata tana shirin jarrabawar fita firamare. Na hau faɗa, na ce dutsen guga ne ke cinye mu. Uwargida ta ƙyale ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, kai da ke yi wa ofis lissafi, ka taɓa yi wa gidanka? Gugata da gawayi nake yi. Tashi ka ƙirga fitilun nan da ke ci tun magariba." Maganar ta yi mini zafi, gama gaskiya ce.

Kashegari na ɗauki fensir da takarda. Ƙwai 8 ne a gidan, daga zaure har madafi, kowane ɗaya an rubuta masa wat 60 a ka. Wat shi ne ma'aunin cin wuta, kamar yadda mudu yake ga hatsi. Abin da ya ci wat 1,000 har awa guda, to, ya ci yunit ɗaya, shi ne kuwa abin da mita ke ƙirgawa. Ƙwai 8 sau wat 60 ya zama 480. In an sami wuta awa 5 kowane dare, sun ci wat 2,400, watau yunit 2 da ɗan ɗori. A kwana 30 yunit 72 ke nan. Mu ɗauka, don misali, kowane yunit naira 60 ne: kuɗin haske kaɗai ya tashi naira 4,320 a wata, ba a yi zancen fanka ba, balle rediyo.

Sai na sake lissafin da sabon ƙwan nan da ake kira LED. Mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon mai wat 60. Guda 8 sun zama wat 72, a wata ba su cika yunit 11 ba, kuɗinsu naira 648. Bambancin naira 3,672 ne kowane wata. Jama'a, ku duba. Mutum yana cinikin albasa a kasuwa har murya ta dushe a kan naira 50, ga shi kuwa yana zubar da dubbai a rufin ɗakinsa bai sani ba. Kowa ya sa farashin da shi yake biya a maimakon nawa, zai ga amsar ba ta sāke ba: kashi 6 cikin 7 na kuɗin haske ya koma aljihunsa.

Watakila wani ya ce, ina dalilin wannan rata? Dalilin ba wuya. Tsohon ƙwai dabararsa ita ce a tura wuta cikin wani siririn zaren ƙarfe har ya yi zafi ya yi fari, kamar yadda ƙarfe kan yi a maƙera. Tun 1879 Edison na Amurka ya fito da irinsa, Swan na Ingila kuma ya yi nasa a wannan zamani. Amma cikin kashi 10 na wutar da yake sha, wajen 9 zafi suke zama, abin da ya rage shi ne haske. Wanda ya taɓa kai hannu ga irin wannan ƙwai yana ci ya san ba ƙarya na yi ba. Ashe a watan Afrilu, sa'ad da zafin ƙasar Haɗeja kan hana mu barci, kuɗi muke biya a ƙara mana zafi a ɗaka, kāna mu sake biyan wani a kunna fanka ta kore shi. Shi kuwa LED ba ya bukatar gasa zare. Wani ɗan ƙanƙanin abu ne a ciki wanda ke fid da haske kai tsaye in wuta ta ratsa shi. Mutum uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a sami shuɗin haske daga gare shi, daga nan aka sami hanyar yin fari, har aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Har wa yau akwai zancen ƙarko. Tsohon ƙwai ransa wajen awa 1,000 ne. LED na kirki yakan yi awa 15,000 ko fiye. Ka ga kafin ɗaya ya mutu, ka binne goma sha biyar na wancan.

Kada a ga kamar wannan ƙaramar magana ce ta gidan akawu. A 2007, da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, wuta ta yi ƙaranci a Gana, gwamnatin ƙasar ta raba wa jama'a ƙwai miliyan 6 masu tsimin wuta kyauta, ta karɓe tsofaffin, nauyin da ke kan injunan ƙasar kuwa ya ragu ƙwarai. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun janye tsohon ƙwai daga kantuna sannu-sannu tsakanin 2009 da 2012. Mu nan gida, a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, mai janareta ya ji a jikinsa. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ga rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225, ninki uku da wani abu. Ko kai ba ka cikin wannan rukuni, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, amma wajibi ne in faɗi inda na yi tuntuɓe, don kada wani ya bi sawuna. Da na gama lissafin nan, zumuɗi ya kwashe ni, na shiga kasuwa na sayi guda 8 mafi araha, waɗanda ko sunan maƙerinsu babu a kwali. Kafin wata biyu uku sun mutu, biyu suna ƙyafta ido kamar mai jin barci. Uwargida ba ta ce kome ba, shirunta kuwa ya fi magana ciwo. Araha ba ta ado. Daga baya da aiki ya kai ni Dutse na sayi na kirki, naira 1,500 kowane ɗaya, biyu-biyu kowane albashi har suka cika. Jimlarsu naira 12,000, bisa lissafin can kuwa wata huɗu ba ya cika sun fanshi kansu.

Ga abin da na koya, ina ba da shi kyauta. Na ɗaya, kada ka tambayi mai kanti wat nawa kaɗai, duba wata lamba a kwali da ake kira lumen, ita ce ma'aunin haske. Lumen 800 shi ne hasken tsohon mai wat 60. Na biyu, ka sa a gwada maka a gabanka, ka kuma yi sharaɗin mayarwa. Na uku, fara da fitilar da ta fi daɗewa a kunne, ta zaure da ta tsakar gida, gama can ne ribar ta fi yawa. Na huɗu, wancan farin mai murɗaɗɗen gilashi da 'yan kasuwa ke kira enaji, shi ma yana da tsimi, amma akwai zaiba a cikinsa, ita kuwa guba ce. In ya fashe a fid da yara, a buɗe taga, kada a kwashe da hannu, kada kuma a zuba kusa da rijiya.

Na san akwai mai cewa, "Ni ba ni da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo mini, ko na yi tsimi ko ban yi ba duk ɗaya." Wannan ƙorafi yana da tushe, ba na musunsa. Maganinsa shi ne a dage da neman mita. Amma ko kafin ta samu, mai janareta zai ga ƙaramin inji ya haskaka gida duka, mai faifan hasken rana kuma batirinsa zai kai shi asuba maimakon ya mutu bayan lisha. Ina kuma jan hankalin masu gidajen haya a garin nan, musamman waɗanda ɗaliban Jami'ar Sule Lamido ke zaune a ɗakunansu bisa mita guda. Yawancin rigimar kuɗin wuta da ake yi ƙarshen wata, da an sāke ƙwayayen ɗakunan, da ta yi sauƙi. Haka masu kula da makarantu da ofisoshi, inda fitila kan kwana ta wuni tana ci don ba kuɗin kowa ba ne.

Malaman makaranta, ga roƙona gare ku. Ku ba yara wannan a darasin lissafi: kowane yaro ya ƙirgo ƙwayayen gidansu da lambar da ke kansu, a buga a allo. Abin da yaro ya kai gida da alli, uba ba ya iya musunsa.

Ni dai yanzu abin da na zuba a mita yana kai mu wani albashin, yarinya tana karatunta da dare, na kuma ba uwargida haƙuri a kan zancen guga, ta ce ta yafe, sai dai in riƙa tambaya kafin in hau faɗa. Da yayyafi kogi kan cika. In Allah ya kai mu mako mai zuwa, zan yi zancen fanka da firiji, gama su ma na sa su a ma'auni.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu, Kafin Hausa.