Oba-oba: A Ɗaga Eriya Kafin A Sayi Sabuwar Na'ura

Duk malamin da ya taɓa fita da ɗalibai daga Kawo zuwa dajin Afaka don nazarin tsirrai ya san fargabar rasa hanyar magana da gida. Da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna a 2021, sai na sake ganin darajar rediyon oba-oba.

Idan muryar mota ta daina isowa, akasari sai a ruga sayen na'ura mai ƙarfi. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Igiyoyin da irin wannan rediyo ke amfani da su, wato VHF, a miƙe suke tafiya kamar haske, ita kuwa duniya a lanƙwashe take. Eriyar da ke bisa sanda mai mita 9 tana hangen kimanin kilomita 12, ta mota kuma kusan 6, jimla 18 ke nan a fili. Idan sandar ta kai mita 16, sai a sami 22. Ƙarin ƙarfi ba ya miƙe bayan ƙasa.

Mu masu nazarin halittu muna da ƙarin shaida: ɗanyen ganye cike yake da ruwa, ruwa kuwa yana shanye saƙon. Shi ya sa zango kan ragu da damina, musamman a unguwanni masu itatuwa irin Unguwar Rimi. Don haka eriyar gida ta zarce kan mangwaro, ta mota kuma ta zauna a tsakiyar rufi.

Sai dai doguwar sanda tana jawo tsawa. A haɗa ta da ƙasa da waya mai kauri, a kuma nemi lasisi tukuna.