Kafin Mu Kwashe Iyali, Mu San Abin Da Lissafin Laifuffuka Ke Faɗi

Ƴan uwa fatake da dillalai, muna so mu ja hankalinku a kan wata magana da ta yawaita a tike da zango, wato maganar garin da ya fi zaman lafiya da mutum zai ajiye iyalinsa. Yanzu sai ka ga yaro ya ɗauko waya ya nuna wa mahaifinsa jerin garuruwa, wai wannan ya fi wancan ɓarayi, dattijo kuwa ya fara shirin sayar da gida. To, a ganinmu lissafi abu ne mai amfani, amma wanda bai san yadda aka tara shi ba yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago.

Abu na farko, yawan laifi ba ya nuna komai sai an auna shi da yawan jama'a. Mu da kanmu mun san haka a sana'a. Mai shanu 500 da ya rasa 10, da mai 40 da ya rasa 4, wa ya fi asara? Na biyun mana. Don haka masana ke lissafa laifi a kan kowane mutum 100,000. A ce gari mai mutum miliyan 4 an yi fashi 400 a shekara, ƙaramin gari mai mutum 200,000 an yi 60. Na farko 10 ke nan a cikin 100,000, na biyu 30. Ashe ƙaramin garin ya ninka babban sau uku wajen haɗari, alhali a baki an fi jin tsoron babban.

Abu na biyu, littafin ƴan sanda da na jandarma abin da aka kai ƙara kaɗai yake ɗauka. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta fitar da binciken da ta yi gida-gida, na tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Ta ce gidajen da aka yi wa fashi, kusan 36 ne kacal cikin 100 suka kai ƙara. Ta kuma ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya masu garkuwa da mutane a naira tiriliyan 2.23, kuma satar mutanen ta fi yawa a karkara. Mu dubi kanmu. Sau nawa ake kashe magana a gaban sarkin tike ko sarkin zango ba a je ofis ba? Sau nawa baƙo ke yin shiru don kada a tambaye shi takarda? Garin da lissafinsa ya yi ƙasa, mai yiwuwa mutanensa sun gaji da kai ƙara ne. Shi kuwa jerin da yara ke nunawa, irin na Numbeo, ra'ayin masu shiga intanet ne ake tarawa, kuma ba mu jin masu koren shanu na cikinsu.

Abu na uku, haɗarinmu ba a tsakiyar birni yake ba. Yana kan hanya da ranar kasuwa, lokacin da kowa ya san akwai kuɗi a jikinmu. Mutum na iya kwana lafiya a cikin Maraɗi, amma ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka sun sha fama da masu satar mutane da dabbobi. Ƴan uwanmu na Kamaru da Cadi sun san zargina, masu tare hanya. Harin da aka kai kasuwar shanu ta Fataskum a watan Mayun 2012, a tike aka kai shi. Saboda haka wanda zai zaɓi gari ya lissafa har da hanyar da zai riƙa bi zuwa Maigatari, ko Illela, ko Jibiya, ko Mubi.

Abu na huɗu shi ne wanda babu shi a kowane lissafin laifi, wato baƙunci. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, a 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Badun ya ci shaguna da gidajen ƴan arewa. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma aka rufe tsakaninta da Nijar har watan Maris na 2024. Wanda shanunsa ke ɓangare ɗaya, matarsa da ƴaƴansa na ɗaya ɓangaren, ya san wuyar da ya sha.

To, me ya kamata? Shawararmu, duk mai niyyar ƙaura ya dubi lissafin, ya tambayi wa ya tara shi, a wace shekara, sa'an nan ya je ya kwana biyu wurin fatomansa, ya ji ta bakin liman da mai unguwa, don gani ya kori ji. Ya kuma fifita inda yake da takarda da dangi da makarantar yara. Ita kuma ƙungiya, muna roƙon kowane reshe ya buɗe littafi, a riƙa rubuta ranar da aka tare mota, da wurin, da lokacin, da abin da aka ƙwace, ko an kai ƙara ko ba a kai ba. In aka shekara ana haka, za mu sami lissafin hanyoyinmu wanda babu ofishin da ke da irinsa.

Malamanmu sun koya mana tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, a gida da kan hanya, amin. Wassalam.