Wasan gina daula: ko Civilization ya cancanci a gwada shi?

A garin Ɗan Kassari, bakin babbar hanyar da ta haɗa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, idan an kimtsa amfanin gona, dattawa sukan zauna a inuwa su haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowa ya riƙe ƴaƴansa 12, a shiga dara. Samarin da ke karatu a Doso ko Yamai su ma suna da irin tasu darar, amma cikin kwamfuta take, kuma maimakon gurabu, duniya ce sukutum ake shimfiɗa wa mai wasa, a ce ya kafa daula. Wasanni biyu ne suka fi suna a wannan fage, wato Age of Empires da Civilization. Wanda ya saba da na farko yakan tambaya: shin abokin gasarsa ya cancanci a ba shi lokaci da kuɗi? Amsa ita ce ya cancanta, amma da sharaɗi.

Kamfanin Microsoft na Amurka ne ya fitar da Age of Empires a shekarar 1997. Wasa ne na gaggawa, ba wanda ke jiran wani. Mai wasa yana sarar itace, yana haƙar zinariya, yana tara abinci, yana shirya mayaƙa, abokin karawarsa ma haka, duk a lokaci guda, kuma wanda ya yi sanyin hannu sai ya iske an cinye garinsa. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa cikin kashi na uku na wasan. Kano ce babban birni, Sarauniya Amina ta Zazzau ce jagora, ga ƴan lifidi, ga maroƙa, ga kasuwar dabbobi, kuma mayaƙan da Hausa suke amsa umurni. Ba abin mamaki ba ne saurayi Bahaushe ya ji kamar gida ya zo, har ya ga ba ya bukatar wani wasa.

Civilization kuwa ya girme shi. Wani Ba'amurke mai suna Sid Meier ne ya fito da shi a 1991, kuma tafiyarsa irin ta dara ce: kowa ya yi nasa motsi, sa'an nan ya dakata ɗan'uwansa ya yi. Ana farawa da ƴan ƙaura kaɗan, shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Mai wasa ya zaɓi wurin kafa gari, ya gina rumbu, ya ɗaga ganuwa, ya buɗe kasuwa, ya neme ilmin rubutu da na ƙira, sannu-sannu har a iso zamanin jirgin sama. A kashi na shida, wanda ya fito a 2016, cikakken wasa yakan kai zagaye 500. Ana iya cin nasara da takobi, amma ana iya cinta da ilmi ko da al'adu ba tare da an kai wa kowa hari ba. Afirka ta Yamma ma ba a bar ta a baya ba: Askiya na Songhai yana cikin kashi na biyar (2010), an ƙara Mansa Musa na Mali cikin na shida a 2019, tare da fari da ambaliya, Sarauniya Amina kuma tana cikin na bakwai, wanda ya fito a Fabrairun 2025.

Babban amfanin gwada shi shi ne lissafi. Age of Empires yana koyar da saurin hannu da saurin yanke shawara. Civilization yana tilasta wa mutum ya hangi nesa. Wanda ya kashe dukiyar gari wajen tara mayaƙa ya ƙyale rumbu, bayan zagaye 30 sai ya ga garinsa ya daina girma, maƙwabtansa sun wuce shi. Wannan ba baƙon darasi ba ne ga manomin ƙasar Arewa, wanda ya ga yunwar 1973, da ta 1984, da ƙarancin abinci na 2005, ya kuma san cewa damin da aka ajiye bara shi ke ceton gida bana. Idan wasa zai sa yaron lakkol ya fahimci haka da kansa, ba za a kira shi ɓata lokaci ba.

Sharaɗin kuwa shi ne mai wasa ya lura da yadda aka zana taswira. Galibi a waɗannan wasanni, duk ƙasar da wata daula ba ta riƙe ba, fili ne da ke jiran mai ƙarfi. A yawancin kashe-kashen Civilization, ƙananan ƙauyuka iri biyu ne: masu ba da kyauta su ɓace daga taswira, da waɗanda aka kira ƴan ta'adi, abin a murƙushe. Kashi na uku na Age of Empires ma, da ya fara fitowa a 2005, a kan mamayar da Turawa suka yi wa nahiyar Amurka aka gina shi. Gaskiya ne kashi na bakwai na Civilization ya gyara wani abu, don ya maida su al'ummu masu zaman kansu da ake iya ƙulla abota da su. Duk da haka, mai faɗaɗa iyaka shi ke samun riba.

Mutanen Ɗan Kassari sun san yadda abin yake ga wanda ke zaune cikin filin da aka ce ba kowa. A cikin yankin garin ne ƙauyen Lugu yake. A watan Afirilu na 1899, rundunar Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta nufi tafkin Cadi tana ƙona garuruwa, ta auka wa Lugu. Sarauniya Mangu da maharbanta suka tsaya suka yi yaƙi, sa'an nan suka janye cikin daji ba tare da sun miƙa wuya ba. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kuma a watan Yuli, a wajen Tasawa, sojojinsu na kansu suka harbe hafsoshin biyu. A lissafin wasa, Lugu ɗigo ne da aka share a zagaye ɗaya. A lissafin jama'a kuwa, sunan Sarauniya ne ya tabbata: Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya maida shi silima a 1986, silimar kuma ta ci babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Haka nan kada a ɗauki wasa a matsayin littafin tarihi. A cikinsa Mansa Musa yana iya mulkin shekara 6000, Amina tana iya jagorancin Rumawa. Wajibi ne malaman makaranta da iyaye su riƙa tuna wa yara cewa sunaye kawai aka ara, labarin gaskiya yana wurin masana da tsofaffi.

Sauran maganar aljihu. Kashi na bakwai yana da tsada, yana kuma son kwamfuta mai ƙarfi, don haka mai farawa ya fi dacewa ya neme na biyar ko na shida, waɗanda akwai su da Faransanci. Wanda ba shi da hali ya gwada Freeciv, da ya fito tun 1996, ko Unciv, da ke aiki cikin wayar salula. Dukansu kyauta ne, a kan tsarin Civilization aka yi su. Sai dai a kiyaye: masu wannan wasa a duniya sun shahara da cewa saura zagaye ɗaya, har a kira asalatu. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, da saurayin da noma ke jiransa, su bar shi sai lokacin hutu.

Saboda haka, a gwada Civilization, a koyi tanadi da haƙuri a cikinsa. Amma saurayin Ɗan Kassari da ya cinye duniya cikin kwamfuta, ya kamata wata rana ya ɗauki hanyar Lugu, ya zauna gaban dattawa, ya tambaye su yadda aka yi a 1899.