Sulke ba kayan sikeli ba ne

Ranar wata Alhamis na dawo daga kasuwar Dawanau na tarar da ɗan gwangwan a ƙofar gidanmu, ya rataye sulken kakanmu a sikeli. Kilo tara da ɗoriya, ya yi masa kuɗin tsohon bokiti. Ƙanena ne ya zaro shi daga adaka, wai ƙarfe ne kawai yana shan tsatsa. Da na ƙara minti goma a hanya, da tuni an narka shi an yi rodi.

Ban ga laifin ƙanen nawa sosai ba. Iyakar saninsa, sulke kwalliyar Hawan Daushe ne, abin da barade ke sawa su yi ƙyalli a rana. Laifin namu ne, mu da ba mu taɓa zaunar da shi mun ce ya dubi zobe ɗaya da kyau ba.

Kowane zobe yana sarƙe da guda huɗu. Sai an ja ƙarfe ya zama waya, a naɗe ta a jikin sanda, a yayyanka, a daddale bakin biyu, a huda, sannan a dasa ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Riga ɗaya takan ci zobba dubu ashirin ko fiye. A namu, layi ɗaya mai ƙusa ne, na biye da shi kuwa ba shi da mahaɗi ko kaɗan, daga fallen ƙarfe aka fasa shi. Haka Rumawa suka yi nasu, haka kuma Turai ta riƙa yi har wajen ƙarni na 14. Sulken ƙarni na 10 da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Norway a 1943 wannan ɗinkin gare shi. A hammatar namu kuwa akwai faci na waya da aka lanƙwasa baki da baki ba ƙusa. Wannan hannun maƙerin gida ne, kuma ni ya fi burge ni, don yana nuna rigar ta yi aiki har ta yage.

Su can Turai sun san darajar sulke tun da wuri. A 779 sarki Shalman na Faransawa ya hana fatake sayar da sulke a wajen ƙasarsa. Basaraken da aka binne a Sutton Hoo ta Ingila a ƙarni na 7, da sulkensa aka rufe shi. Mu kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Wani Bature mai suna Bivar ya bi fadodin Arewa yana duba zobban nan, ya fitar da littafi a 1964. Sama da shekara sittin ke nan, kuma baƙo ne ya yi. Ga shi ko yaron makarantar allo ya ji labarin Annabi Dawuda, wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe ya saƙa sulke.

Abin ya fi ciwo a nan Dawakin Tofa, ƙasar da ta daɗe a hannun Madakin Kano, sarautar da asalinta jagorancin mayaƙan doki ne.

Za a ce mini mai jin yunwa ba ya cin tarihi. Gaskiya ne, kuma ba zan zagi magidancin da ya sayar don ya sayi taki ba. Amma ai ko a cinikin an cuce shi, tunda kuɗin ƙarfe aka ba shi, ba kuɗin aikin watanni ba. Wasu kuma za su ce a kwashe duka a kai Gidan Makama. Nan ma ban yarda ba. Sulken da ake sawa duk sallah ana goge shi, ana shafa masa mai. Wanda aka raba da gidansa ya rasa mai ba da labarinsa. Abin da nake roƙon masarauta da hakimai shi ne rajista: a bi gida-gida ta hannun dagatai, a ɗauki hoto, a auna zobe, a rubuta wanda ya sa shi da inda aka ce ya fito, a bar wa masu shi kayansu. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero za su iya wannan a hutu ɗaya.

Namu dai na zuba shi a buhu da yashi na yi ta girgizawa, yadda na ga Kaka yana yi, har tsatsar ta saki. Na kai wa maƙerin unguwarmu na ce ko zai iya zobe mai ƙusa. Ya juya shi, ya ce, “Alhaji, wannan ai aikin masu haƙuri ne.” Uku suka tsage a wurin huda. Na huɗu ya kama, yana nan a hammatar hagu.