A Daina Yi Wa Karnuka Allurar Shanu Da Ka

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja kunnen 'yan uwana manoma da mafarauta. Na san wasu za su ce yau kuma maganar kare aka kawo mana? To, wanda ɓarayi suka taɓa kwashe masa awaki da daddare ya san amfanin kare.

Ni manomi ne, da rani ina ɗan kasa gishiri da man ja a kasuwannin ƙauye. Ina da kare mai gadin garke, shekara huɗu yana wurina. Bara ya fara tari yana ramewa, ɗan gudu kaɗan sai haki. Ranar kasuwa na yi wa wani mai tallar maganin dabbobi bayani, ya ce tsutsa ce, ya zuƙo sisi biyar na allurar ivermectin irin ta shanu ya ba ni. Na yi masa da yamma. Kafin gari ya waye kare na tangaɗi kamar mashayi, yawu na zuba, ido ya buɗe amma ba ya gani. Kwana uku ya yi a kwance ya mutu.

Da na je wurin likitan dabbobi, sai ya yi mini lissafin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ita wannan allura, sisi ɗaya na saniya mai kilo 50 ne. Karena bai wuce kilo 15 ba, ke nan na ɗura masa rabon bijimi mai kilo 250. Ya ce alamun farko sun yi kama da na tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗauka daga wani kare ya sa wa wani. Takan yi wata shida zuwa bakwai kafin ta girma, ta zauna cikin zuciya da jijiyoyin huhu, tsawonta har ya kai ƙafa guda. Rigakafinta da ivermectin ɗin ake yi duk wata, amma abin da kare irin nawa ke bukata bai kai ko ɗigo ɗaya na allurar shanu ba. Kuma rigakafi ba ya kashe babbar tsutsa. In ma jinin kare ya cika da 'ya'yanta, maganin na iya kashe su lokaci guda, kare ya faɗi. Shi ya sa ake gwada jini tukuna.

Jama'a, ko a ƙasashen da suka ci gaba an sha rigima a kan irin wannan magani. A Amurka, a 2001 aka fito da wata allura mai suna ProHeart 6, wadda ake yi wa kare sau ɗaya ta tsare shi wata shida. Sai ƙorafi ya yi ta zuwa dubbai, wasu karnuka na amai da farfaɗiya, wasu sun mutu. A watan Satumba na 2004 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta nemi kamfanin ya janye ta, ya kuwa janye. Sai 2008 ta dawo, da sharaɗin likita ya sami horo, mai kare kuma a yi masa bayani ya sa hannu. A 2019 har suka amince da mai tsare kare shekara guda. Haka kuma a 2001 masana a can suka gano cewa wasu karnukan kiwo irin su koli suna da wani lahani na gado da ke barin maganin ya hau musu ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafi masu sayen karnukan Turawa a birni fiye da mu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, su can an yi ƙorafi, an rubuta, an bincika, an gyara. Mu nan kare ya mutu sai a ja shi bayan gari, a ce an ba shi guba ko sammu ne. Wa ya ƙirga? Mai tallar kuwa mako mai zuwa yana nan a inuwarsa, kwalba a rana, wata ma ba takarda a jikinta.

Kada a ce na kushe maganin. Shi ne fa Mectizan da ake raba wa mutane kyauta tun 1987 saboda makantar bakin kogi, kuma da shi muke raba shanunmu da kaska da tsutsa. Laifin na awo ne, kuma har da nawa, don na ƙi kuɗin mota zuwa asibitin dabbobi.

Ina kira ga hukumomin da abin ya shafa su riƙa turo malaman dabbobi ranar kasuwa da sikeli, a auna kare kafin a yi masa allura, a kuma buɗe littafin da mutum zai kai rahoto in dabbarsa ta mutu bayan magani. Na samo ɗan kwikwiyo yanzu, ranar Litinin zan ɗora shi a babur in kai shi a auna.

Naku,
Wani manomi daga karkarar Katsina.